Kayan Hajiya Ma'u

Tun daga zaure warin ya tare ta.

Bahijja ta tsaya cak da jakarta a kafaɗa, ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci. Ba yau ta fara zuwa gidan Kawu Lawal da ke Kazaure ba. Yayan mahaifiyarta ne, a gidan ma ta yi sakandare. Amma ba ta taɓa jin ya yi irin wannan ɗoyin ba.

"Yaya Nasir, wani abu ne ya mutu a gidan nan?"

Abdulnasir ya yi dariya yana kafe babur ɗinsa.

"Damina ce kawai. In kin kwana biyu za ki saba."

Ta harare shi ta saman mayafin, ya ƙara yin dariya. Wannan dariyar ce ta kama ta tun farko. Sun daɗe suna son juna, dangi duk sun sani. Mahaifinsa Kawu Lawal ya yi murna, mahaifiyarta Inna Mairo ta yi murna. Mutum ɗaya ce ta tsaya a ƙofa ta ƙi matsawa, Hajiya Ma'u, mahaifiyar Abdulnasir.

Laifin Bahijja ɗaya ne a wurinta: ba ta cin nama.

Tun ranar da aka yanka karsanar da ta rena da hannunta a sadakar mutuwar mahaifinta, nama ya fita daga ranta. Daga baya ƙwai ya bi, nono da man shanu suka bi. Ba ta taɓa cewa haramun ne ba, ba ta taɓa hana kowa ci ba. Amma Hajiya Ma'u duk inda ta zauna sai ta faɗa:

"Jikar makiyaya a ce ba ta shan nono? Ni ba zan haɗa ɗana da akuya ba, ta riƙa ba shi ganye har ya ƙare."

Yanzu Hajiyar ta tafi Babura zaman jegon 'yarta, ta bar Kawu a kwance ƙafafu sun kumbura, ga hawan jini, ga tari. Shi ya sa Inna Mairo ta sa Bahijja ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki a Roni, ta zo ta kula da shi.

Da ta ɗaga labulen ɗakin Kawu, sai da ta ja da baya.

Ɗakin ba shi da wurin sa ƙafa. Katifu ne a jingine har rufi, kwalaye a kan kwalaye, kuloli, kwanukan langa, bokitan biki masu hotunan amaren da wasunsu sun aurar da 'ya'ya. Fanka uku ba mai aiki. Keken ɗinki ya yi tsatsa. Tagar ma an toshe ta da buhunan tsofaffin atamfofi. A can ƙurya, a wani ɗan fili kamar kabari, Kawu Lawal ne a kwance yana tari.

"Kawu, sannu da jiki."

"Bahijja ce? Sannu 'yar nan. Bi a hankali, kar ki ture mata kaya."

"Kawu, a nan kake kwana?"

"To ina zan kwana? Ɗakinta ya cika, sito ya cika, shi ne ta ce in ara mata gefe." Ya yi murmushin ƙarfin hali. "Gefen ne ya yi girma."

Hawaye suka cika idonta. Mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ga shi an matse shi a lungu kamar tsohon takalmi.

Ta bi warin har bayan katifun. Wata tsohuwar firiza ce da ta daɗe da mutuwa. Ta sa hannu ta ɗaga murfin.

"Innalillahi!"

Tukwane ne na soyayyen naman layya, wasu na bana, wasu Allah kaɗai ya san na wace shekara. Kitsen ya narke ya sake daskarewa, ya yi kore, ya yi baƙi. Tsutsotsi suna motsi a bakin murfin wata tukunya. Kwalaben man shanu sun fashe sun malale a ƙasa, ga wani ɓera ya kumbura a ciki, gashinsa ya saɓule.

Da gudu ta fita tsakar gida. A bakin rariya ta durƙusa ta yi ta amai har cikinta ya ƙulle.

Abdulnasir ya zo da buta yana zuba mata ruwa.

"Sannu. Wallahi ban san abin ya kai haka ba."

"Yaya Nasir, a kan wannan mahaifinka yake numfashi dare da rana. Ba maganin da zai yi masa aiki a ɗakin nan."

Ya leƙa ɗakin ya dawo fuskarsa a yamutse.

"Ki fitar da su."

"Kayan Hajiya ne. Ka san yadda muke da ita."

"Ni na ce ki fitar. Ni ne babba a gidan nan bayan Baba. In Umma ta dawo ni zan tsaya a gabanta, ke ko baki ba za ki sa ba."

Ta ɗago ta dube shi, ruwa yana ɗiga daga haɓarta.

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Haba Bahijja, ni ne fa."

*

Tare suka yi aikin. Abin da ya ruɓe suka haƙa rami a bayan gari suka binne. Abin da gara da ɓeraye suka cinye suka ƙone. Duk wani abu mai daraja, sarƙoƙi, tasoshin gado, zannuwan da ba a taɓa ɗaurawa ba, Bahijja ta goge ta ninke ta jera a ɗakin Hajiya, ko allura ba ta salwanta ba.

Sauran fa? Katifu, bokitai, kuloli da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, suka yi tsibi a tsakar gida.

Abdulnasir ne ya kawo shawara.

"Mu bayar sadaka, Allah ya ba Baba lafiya. Umma ta manta ma da akwai su."

Shi ya riƙa kiran maƙwabta. Shi da kansa ya ɗauki katifa a ka ya kai gidan Abu, wata maƙwabciyarsu da ta haihu tana kwana a tabarma ita da jaririn, ƙasa tana tsattsafo da sanyi. Ya dawo yana ba Bahijja labarin yadda Abu ta fashe da kuka tana sa albarka. Ranar Bahijja ta ji sonsa ya ƙaru a ranta har ta kasa haɗa ido da shi.

Aka buɗe tagar Kawu. Iska ta shigo, haske ya shigo. Tsohon ya daɗe yana kallon dutsen da ke bayan unguwar.

"Ashe har yanzu yana nan," ya ce.

Likita ya riga ya hana shi jan nama da kitse, ba wanda ya bi. Bahijja ta karɓi murhu. Da safe kunun gyaɗa da alale. Da rana wake da shinkafa da ɗan man gyaɗa, ko dambu da zogale, ko faten tsaki da yakuwa. Da yamma tuwon dawa mai laushi da miyar kuka, daddawa ta ji, citta da kanumfari sun ji, gishiri kaɗan. Wata rana ta yi miyar taushe da kabewa da gyaɗa, Kawu ya side kwanon da yatsa.

"'Yar nan, da gaske ba nama a miyar nan?"

"Ko ƙashi babu, Kawu."

"Ikon Allah. Ƙaro min."

Abdulnasir kuwa kafin ya cire takalmin aiki yake tambayar ko akwai sauran ɗan wake. Kumburin ƙafar Kawu ya fara saɓewa, tarin ya lafa, har ya fara takawa masallacin ƙofar gida da sanda.

Sai ga Hajiya Ma'u ta dawo ba sanarwa.

Bahijja tana tsakar gida tana kwaɗa rama da ƙuli-ƙuli ta ji tsayuwar adaidaita. Hajiya ta shigo da ƙullin kaya niƙi-niƙi, direba yana biye da wasu. Ta amsa gaisuwar Bahijja da hanci, ta nufi ɗakin mijinta ta ɗaga labule.

Ihun da ta kurma har maƙwabta sun ji.

"Wayyo Allah! An yashe ni! Ɓarayi sun shigo min gida!"

"Ba ɓarayi ba ne, Ma'u," in ji Kawu daga kan gado. "Gyara aka yi."

"Gyara? Ina katifuna? Ina kulolina? Ina namana da na adana?"

Ta juyo ta yo kan Bahijja, mayafi yana jan ƙasa.

"Ke ce ko? Ke 'yar Mairo! Tun ba ki shigo ba kin fara rabon gadona ina raye?"

Bahijja ta durƙusa.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Naman ya lalace ne, har da tsutsa. Shi yake sa Kawu tari. Kayanki masu kyau duk suna ɗakinki."

"Nama ne zai lalace? Soyayyen nama? Don ke ba kya ci shi ne za ki zubar da arzikin mutane? Wa ya ba ki izini?"

Daidai nan Abdulnasir ya shigo daga wurin aiki. Bahijja ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗago ta dube shi, ta jira.

"Nasiru!" Hajiya ta nuna shi da yatsa. "Kana gidan nan aka yi min wannan ta'asar? Da saninka?"

Ya dubi mahaifiyarsa. Ya dubi ƙasa. Ya sosa ƙeya.

"Umma, ni fa kin san ba wuni nake yi a gida ba."

Bahijja ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Na dai ce a ɗan share ɗakin," ya ci gaba, muryarsa can ƙasa. "Ban ɗauka abin zai yi yawa haka ba."

"Yaya Nasir..."

Bai kalle ta ba.

Kawu ya yunƙura zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Hajiya ko waiwaye ba ta yi ba. Ta kwance ɗaya daga cikin ƙullin da ta zo da shi, ta ciro wata kula ta buɗe. Farfesun kan ragon suna ne, ya sha hanya, kitse ya daskare a sama fari fat, ido ɗaya yana leƙowa daga cikin romon. Ta dangwarar a gaban Bahijja.

"Kina son ɗana ko? To ga sharaɗi biyu. Ki bi gida-gida ki karɓo min kayana, ko cokali kar ya ɓata. Sannan ki ci wannan a gabana, in san mutum zan kawo gidana ba mai haramta abin da Allah ya halatta ba."

Ƙarnin ya daki hancin Bahijja. Hawaye suka zubo mata.

"Hajiya, ban taɓa cewa haramun ne ba. Raina ne ba ya so. Kuma abin da aka bayar sadaka, da wane ido zan je in ce a dawo da shi?"

Abdulnasir ya matso ya tsuguna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Bahijja, loma ɗaya ce fa. Ki rufe ido ki haɗiye, a wuce wurin. Don Allah, saboda ni."

Ta juyo ta dube shi sosai. Gumi ne a goshinsa, idonsa yana satar kallon mahaifiyarsa. Ƙyamar da ta ji ta fi ta ranar da ta buɗe firiza.

Ta miƙe. Ta wanke hannunta a buta, ta shiga ta yi wa Kawu sallama. Tsohon ya riƙe hannunta yana hawaye. Ta ɗauki jakarta ta fita neman motar Roni.

*

Inna Mairo ta saurari labarin har ƙarshe tana tsinke zogale, ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce:

"Ma'u kam halinta ne, tun tana amarya ko gwangwanin madara ba ta yarwa. Amma Nasiru ya ba ni kunya."

"Inna, ko ni ce na yi laifi?"

"Kin taɓa kayan da ba naki ba, wannan gaskiya ne. Amma da izinin ɗan gida kika taɓa, kuma ran yayana kika ceta. Share hawayenki."

Ba ta share ba. Ta yi kuka a ɗaki, ta yi a wurin aiki a ɓoye. Wayarta tana ta ƙara, sunansa yana fitowa, ta kife ta.

Baffa Daudu, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta, ya kira ta zaure.

"Bahijja, ban taɓa matsa miki ba, kuma yau ma ba zan matsa ba. Amma yaron nan Musaddiƙ na Gwiwa, malamin gona, ya sake turo magabatansa. Na gaya musu halinki na abinci don kar a yi rufa-rufa. Ya ce ya sani, shi ba tukunya zai aura ba. Ba zan yi ta ajiye mutane ba amsa ba. Ki yi tunani, in na Kazaure ne ki faɗa, in wannan ne ki faɗa."

"To Baffa."

Musaddiƙ ba ya sa ta dariya. In ya zo zance gaisuwa ce da labarin taki da irin gero. Ba ta jin komai in ta gan shi. Ta koma ɗaki ta kwanta tana kallon rufi, zuciyarta tana ƙirƙiro wa Abdulnasir uzuri iri-iri. Uwa ce fa. Tsoro ne ya kama shi. Wataƙila yanzu ya faɗi gaskiya.

Ranar Asabar da hantsi ta ji ƙarar babur ɗin da ta sani. Ta sa hijabi ta fita zaure.

Yana tsaye yana murmushi, kamar wanda ya zo da kyauta.

"Albishirinki."

Ta tsaya nesa da shi tana kallonsa.

"An gama komai. Umma ta sauko. Ta ce maganar naman ma a bar ta sai bayan biki, a hankali za ki koya."

"Me ya saukar da ita?"

"Kayan. Na hutar da ke, ni na bi gidajen da kaina na karɓo. Kusan duka na samu." Ya gyara tsayuwa. "Har ta ce tunda ɗakin Baba ya yi kyau, ba za ta mayar da su duka can ba. Rabinsu za ta ba mu, a zuba a ɗakinmu. Kin ga an rage wa Inna wahalar kayan ɗaki."

Bahijja ta dafa bango.

"Ka bi gidajen?"

"Eh mana."

"Ka ce musu me?"

Ya kau da kai.

"Na ce kuskure aka yi. Baƙuwa ce ta bayar ba ta sani ba."

"Baƙuwa." Ta maimaita a hankali. "Katifar Abu fa?"

"Bahijja..."

"Katifar da ka ɗauka a kanka ka kai wa mai jego. Ita fa?"

"Ita Umma ta fi nacewa a kai. Na je, ta ɗaga jaririn, na naɗe. Ba ta ce komai ba ai. Har godiya ta yi."

Yawu ya taru a bakin Bahijja, ta rasa inda za ta tofar. Ta dubi hannuwansa. Da su ya miƙa, da su ya karɓe. Ta ja hijabinta ta matsa baya har sai da ta jingina da ƙyaure.

"Kuma a kan katifar nan kake so in kwanta?"

"Haba, ai za a sake mata riga."

"Yaya Nasir, ka san me na fi ƙyama a duk abin da na gani a gidanku?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ba tsutsa ba ce. Tsutsa na kwashe da hannuna na binne, na wanke hannu da sabulu ya fita. Ka dube ni ka ce kai ne fa. Na yarda. Na tsaya ina jiranka a gaban mahaifiyarka, ka ce ba ka wuni a gida."

"Uwata ce, Bahijja! So kike in yi mata rashin kunya?"

"Ban ce ka ɗaga mata murya ba. Cewa za ka yi, Umma ni na sa ta. Shi ke nan. Ko zaginka ta yi, ɗanta ne kai, gobe za ta manta. Ni fa? Yanzu unguwarku kaf ni ce baƙuwar da ta yi kyauta da kayan mutane."

Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

"Na yi kuskure. Wallahi ina sonki, ko barci ba na iyawa. Duk abin da na yi don a bar mu mu yi aure na yi."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro."

Can ya goge fuska ya ce:

"Baba ma ba ya cin abinci. Umma ta koma yi masa farfesu, ya ƙi taɓawa. Ƙafar ta fara tashi. Jiya cewa ya yi tuwonki yake so."

Bahijja ta runtse ido.

"Jira ni."

Ta shiga gida ta hura wuta. Ta tuƙa tuwon dawa mai laushi yadda Kawu yake so, ta kaɗa miyar kuka, tana yi hawaye suna ɗiga a gefen murhu. Inna Mairo tana kallonta daga bakin ƙofa. Bahijja ta zuba a kula ta ɗaure da ɗankwali, ta fito.

Ya miƙe da sauri, fuskarsa ta washe. Ya miƙo hannu biyu.

Ba ta ba shi a hannu ba. A ƙasa ta ajiye, tsakaninsu.

"Na Kawu ne. Kullum zan aiko da shi a motar safe, ka riƙa karɓa a tasha. In za ka iya, ka tsaya a kansa har ya ci."

"Mu kuma fa?"

Ta wuce shi ta fita ƙofar gida, inda Baffa Daudu yake zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya yana jan carbi. Ta durƙusa a gabansa. Ta san Abdulnasir yana bakin zaure yana jin komai.

"Baffa, mutanen Gwiwa."

Tsohon ya tsayar da carbin.

"Ina jin ki."

"Ka ce su zo."

Ya daɗe yana kallon idanunta da suka kumbura.

"Kina sonsa, Bahijja?"

"A'a, Baffa," ta ce, muryarta ta karye. "Amma in na dube shi zuciyata ba ta tashi."